Tabarau Ya Fashe Ana Gobe Suna

Birnin Gwari,
Asabar, 18 ga Agusta, 1951.

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata, Salmanu direba, a Zangon Kumasi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da so da yarda daga yayanka Abarshi wanzami. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maigidanka da abokan aikinka, Ya tsare ka a hanyoyin Kurmi, Ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum, amin. Mu nan gida lafiya lau muke, sai kewarka. Damina ta yi albarka, dawa ta rufe mutum, gero ya fara fid da kai, illa dai birai sun fito daga daji sun addabe mu a gonar rafi. Goggo Hajjo tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta ba abin da ya same shi. Kada ka yi mamakin ganin rubutuna ya yi manya-manya, yana hawa yana gangarowa. Dalilin yana cikin takardar, ka dai karanta a hankali har ƙarshe kafin ka yi fushi da ni.

Bari in fara da albishir. Matarka Saude ta sauka lafiya ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi, an sami namiji. Shekaranjiya muka yi suna, aka raɗa masa Mu'azu, sunan Baba, yadda ka ce a yi in namiji ne, mata kuwa tuni suka laƙaba masa Nababa. Yaro ne tubarkalla mai ƙashi, yana shan nono kamar an aiko shi. 'Yarka Kadijatu ta ƙi yarda kowa ya taɓa shi, wai nata ne. Ya ɗauko goshinka da hancinka sak. Abin da bai ɗauko ba shi ne karkataccen billen nan naka da muka yi shekara talatin muna tsokanarka da shi, wanda Baba ya ce ni ne ban riƙe kanka da kyau ba ranar sunanka. Bai ɗauko ba kuwa domin har yau ba a sa masa aska a fuska ba. A takardarka ta bayan watan Azumi ka rubuta mini cewa in an haihu, ni da hannuna, da askar Baba, zan yi wa yaron tsagar gidanmu, 'yan baka uku-uku da bille a kuncin hagu, kada in bar wa kowa. Na amsa maka da to. Salmanu, ranar ta zo ta wuce ban cika maka alkawari ba, kuma tun daga nan abinci ba ya shiga cikina sosai.

Da, a zatona, kai kaɗai ka san asirin tabarau ɗina. Ka tuna shekarar da aka sallamo ku daga soja, ka zauna ina yi maka aski, ka lura ina ja da baya ina ƙanƙance ido kafin in sa aska, ka bari har muka tashi, sannan ka ja ni Kano wai rakiya, ka kai ni wurin likitan ido. Da muka dawo ka baza a gari cewa tsaraba ce ka kawo mini daga yaƙi, mutane suka ɗauka kwalliya nake yi, har abokan wasa suna kirana akawun wanzamai. Na bar su a haka shekara biyar, domin wanzamin da aka ji ido ya fara gudunsa, ba uwar da za ta miƙa masa jariri. Da tabaran nan na yi wa Kadijatu tata tsagar, ka kuma ga yadda ta fita, ko Goggo da ba ta yabon kowa sai da ta ce hannun Baba bai mutu ba. Gaskiyar magana, ba tare da shi ba ina gane mutum tun daga bakin kasuwa, amma layin tafin hannuna ba na gani.

Kwana biyar kafin haihuwar, Bakoji, Bafulatanin nan da ke da ruga a dajin Dogon Dawa, ya aiko in je in yi masa ƙaho, bayansa ya riƙe. Na je na yi masa, lokacin azahar ya yi, na cire tabarau na ɗora a kan zabirata zan yi alwala. Ban ko gama wanke fuska ba wani maraƙi ya tsinke igiya ya biyo ta wurin da gudu, ya yi fatali da zabira, ya taka tabarau. Na ji ƙarar a ƙirjina kafin in ji ta a kunne. Ƙarfen da ke zama a kan hanci ya karye biyu, gilasan duka suka fice. Sai dai Allah Ya sa an yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, muka tono su daga cikin laka ba wanda ya tsage. Bakoji ya yi ta ba ni haƙuri yana cewa zai ba ni zakara, ni ko ina ta dariyar dole ina ce masa ai abin ado ne, ba komai. Na ƙulle gutsattsarin a bakin rawanina, na kamo hanya, ban san yadda na iso gida ba.

Washegari na kai wa Audi maƙerin farfaru, mai yi wa mata awarwaro da zobba. Ka san Audi, bai taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ba. Ya juya ƙarfen ya ce wannan ai wasa ne, ya hura wuta, ya liƙe karayar da azurfa, ya mai da gilasan cikin zobbansu, ya matse, ya goge da gefen rigarsa ya miƙo mini. Wallahi aikin ya yi kyau, sai ka duba sosai za ka ga inda ya haɗa. Na sa a fuska ina murna. Ina ɗaga kai na ga ƙasa ta tuntsure gefe guda, bakin ƙofar maƙera ya zama biyu. Na ce a raina gajiya ce da zafin wuta. Na yi masa godiya na fito ina taka ƙasa a hankali kamar mai tsallaka rafi.

Kwana tara na yi cikin wannan hali, kuma ban taɓa shiga tsoro irinsa ba. In na sa tabarau kaina ya yi ta sarawa, idona ya yi ta ruwa. In na cire, in koma yadda nake kafin ka kai ni Kano, har ma fiye. Ga tabarau lafiyayye a hannuna, ba tsaga ba karaya, to me ya rage in ba idon ba? Na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya iso, idon ne ya ƙarasa mutuwa. Ana cikin haka Saude ta haihu, gida ya cika da guɗa, ni ina karɓar barka ina lissafin kwanakin da suka rage. Maganar cire masa beli na kau da ita da cewa yaron yana shan nono lafiya, a bari tukuna. Na riƙa shiga rumbu da rana ina ɗaukar ɗanyen duma ina gwada tsaga a jikinsa. Layi ukun da nake ja ido a rufe tun ina saurayi, sai in shafa da yatsa in ji biyu sun haɗe, ɗaya ya yi nasa wuri. Duma shida na ɓata na tura ƙarƙashin kara. Ranar Juma'a wajen aski na yanki wani dattijo a bayan kunne, na ce ƙurji ne na taɓa. Ban gaya wa kowa ba, ko matata Azumi.

Ashe ita tana kallona. Ranar Talata, saura kwana biyu suna, ta kawo mini fura a zaure, ta tsaya ta ƙura mini ido har na tsargu na tambaye ta ko yau ta fara ganina. Ta ce ba ni take kallo ba, tabarau take kallo. Ta ce akwai ɗan ƙarzanen da ke gefen gilashi tun ranar da Kadijatu ta fizge shi ta yar a kan dutsen niƙa, shekara biyu ke nan tana ganinsa a wajen idona na dama, yanzu ga shi ya koma hagu. Na cire na shafa da farce, na ji shi a hagun. Sai a lokacin maganar likitan nan ta faɗo mini, da ya ce ta bakin tafinta idanuna ba ƙarfinsu ɗaya ba, kowanne da nasa gilashin. Audi ya musanya su. Shi a wurinsa gilashi biyu masu girma ɗaya kamar 'yan kunne ne, babu na hagu babu na dama, ni kuma da ya kamata in gaya masa na manta ɗungum. Na ce wa Azumi ai dai abin kwalliya ne, ko ta ina aka sa ɗaya ne. Ta ce in bar wannan zancen, ita ta san ba na gani tun kafin kai ka sani, kuma dumanta shida da ke ƙarƙashin kara ta gan su. Kunya da daɗi suka haɗe mini, na rasa wanda zan fara ji.

Da sassafe ranar Laraba, ana gobe suna, na koma wurin Audi na ce ya mai da kowanne gidansa. Ya yi dariya ya ce bai taɓa jin gilashi mai gida ba, amma ya karɓa. Gilashin idon hagu ya fita lafiya. Na idon dama, wanda shi ne idon da nake aiki da shi, ashe ya matse zobensa da yawa a karon farko. Ya sa hantsaki ya ɗan taɓa, ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi, ina cewa ya bi a hankali, sai na ji ƙas. Gida uku ya rabu a tafin hannunsa. Salmanu, na ga mutuwa iri-iri a aikin nan ban yi kuka ba, amma ranar sai da na juya wa maƙeri baya. Bawan Allah ya rikice, ya ce zai yanko mini wani daga gilashin fitila ya goge shi ya yi daidai, ba mai ganewa. Na ce masa mutane ba za su gane ba, amma idona zai gane. Ban riƙe shi a zuciya ba, iyakar saninsa ya yi.

Daga nan na wuce wurin ɗan kolin da ke baza kaya a gindin tsamiya, na gwada duk tabaran da ke faifansa. Yawanci baƙaƙe ne na samari masu keke. Guda biyu ne na karatu, su kuma gilasansu ƙarfi ɗaya ne hagu da dama, in wannan ido ya gani wancan ya ƙi. Ɗan kolin yana ta cewa wannan ya yi mini kyau, wancan ya mai da ni yaro, ni ko abin da nake nema in ga zaren bakin hannun rigata. Na dawo gida da nawa mai ido ɗaya, na yini ina gwadawa. In na rufe idon dama ina ganin layi sarai da na hagu, har na fara samun ƙarfin zuciya. Amma da na ɗauki duma, sai na tarar ido ɗaya yana nuna maka inda aska take, ba ya nuna maka zurfin da ta shiga. Wani wurin in yi ƙarzane kawai, wani wurin in huda har ciki. Duk da haka na ce wa kaina gobe hannu zai tuna abin da ya saba.

Ranar suna bayan an yi addu'a an yanka rago, aka shigo da ni cikin gida. Goggo Hajjo ta zauna a tabarma ta rungume yaron, mata sun kewaye mu, ga baƙin tukunya an kankaro a kasko don shafa wa tsaga. Askin kai bai ba ni wuya ba, wannan da yatsa ake jinsa, na sauke masa suma tas ba ko ɗigon jini. Sannan na zaro askar Baba daga kubenta. Goggo ta juya kuncinsa na hagu ta riƙe kan da hannu biyu. Na rufe ido ɗaya, na sunkuya, na kai bakin aska har ya kusa taɓa fata. Fatar jaririn kwana bakwai ka san yadda take, ba ta kai bayan duma kauri ba ko kusa. Na tsaya ina neman inda aska ta ƙare da inda yaro ya fara, ban samu ba. Sai na ji kaina yana matsowa yana ja da baya, yana matsowa yana ja da baya, ina ƙanƙance ido, kuma na san na taɓa ganin wani yana yin haka a kan jariri. Na mai da aska cikin kube. Na ce da su, da ƙarfi yadda na bakin ƙofa za su ji, ba zan yi ba, ba na gani, kuma shekara biyar ke nan tabarau ne ke yi mini gani.

Goggo ce ta fara magana, kuma ba ta rage mini komai ba. Ta ce ita ta ga zamanin da ake kwashe yara a bakin daji, da tsagar fuska ake gane su a kasuwar wata ƙasa a fanso su, yaron da ba tsaga ba shi da gida. Ta ce a gidan wanzamai a yi suna a tashi da fuska fara, wannan abin faɗa ne har jikoki. Ta ce a aika Tabanni a kira Jaji, wanda ya koyi aiki a hannun Baba tare da ni, ya zo ya yi kafin rana ta faɗi. Na ce Jaji gwani ne ban musa ba, amma uban yaro ni ya ce. Saude ce ta raba mu, daga cikin ɗaki ta aiko Azumi ta ce ita dai a bar mata ɗanta yadda yake har a sami mai gani, ko ni ko wani. Da ƙyar Goggo ta yarda a jira zuwa arba'in, wanda zai faɗo mako guda bayan Babbar Salla. Ta ce in ya wuce haka fata ta fara ƙarfi, tsaga za ta yi faɗi, yaro ya sha wuya, kuma ranar ko ina so ko ba na so Jaji zai zo. A nan gaskiyarta ce, ni ma na sani.

To ga shawarar da na yanke. Gyara dai na bar shi, na gyara sau biyu na ga abin da ya haifar. Jibi Litinin akwai motar katako da za ta Kaduna in rafukan hanya sun bari, daga can in hau jirgin ƙasa zuwa Kano wurin likitan da ka kai ni. Na ƙulle gutsattsarin gilashin dama a tsumma daban, na hagu daban, Azumi ta ɗaura wa na daman jan zare don kada a sake. Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Ban taɓa shiga Kano ni kaɗai ba. Ban sani ba ko likitan yana nan, ko sabon zai fito kafin arba'in, ko kuwa zai duba ya ce idon ya wuce inda gilashi ke kaiwa. Jiya Juma'a mutum uku ne kawai suka zo aski a inuwar da nake cika ta da mutane, labari ya riga ya zaga. Wannan bai dame ni kamar fuskar yaron ba. Na san amsarka ba lalle ta iso kafin ranar ba, shi ya sa na ba Azumi askar Baba ta ajiye a ƙasan adakarta. Na ce mata in arba'in ya cika ban dawo da ido ba, ta miƙa wa Jaji da hannunta, ko ba hannun gidanmu ba dai askar gidanmu ce. In na yi maka ba daidai ba ka yafe mini.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. Na ce maka na san na taɓa ganin wani yana matso da kai yana ja da baya a kan jariri. Baba ne, ranar sunanka. Ina da shekara goma sha takwas, ni na riƙe kanka, shi kuma yana kusan shekarun da nake yanzu. Da billen ya karkace ya daka mini tsawa a gaban mata ya ce na sake ka ka motsa, na karɓa, kai ma ka taso kana jin haka, har kana ce mini na ɓata maka fuska 'yan mata suna yi maka dariya. Na sha kwantawa ina tuna ranar ina neman inda hannuna ya kuskure ban samu ba. Shekaranjiya na samu. Ba ka motsa ba, Salmanu, barci ma kake yi, ni kuma hannuna bai saki ba. Baba ne ba ya gani, ba shi da ƙanen da zai kai shi Kano, kuma bai iya buɗe baki ya faɗa ba. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa, ban ga laifinsa ba yanzu da na zauna inda ya zauna. Amma ni an kai ni, na kuma san abin da ke damuna, ba ni da hujjar da zan sa wa ɗanka abin da zai ɗauka har kabarinsa.

Goggo Hajjo tana gaishe ka, ko da yake ni ba ta amsa gaisuwata tun shekaranjiya. Ta ce a tuna maka maganin gwiwar da ka yi mata alkawari. Saude tana gaishe ka da kyau, tana wankan jego lafiya, ta ce ka yi wa yaron addu'a. Azumi tana gaisuwa, Kadijatu ta ce ka zo ka ga ɗanta. Surukanka na Damari sun zo suna sun koma lafiya, suna gaishe ka. Audi ma ya ce lalle in sa gaisuwarsa, har yau kunyar haɗa ido da ni yake ji. Ka gai da maigidanka da duk mutanen ƙasarmu da ke nan Zango. Ka sa ni cikin addu'a a kan tafiyar nan, ka roƙa mini Allah Ya sa in dawo in ga fuskar Nababa da ido biyu. Yau da safe na ɗauke shi na duba shi da gilashin da ya rage, kuncinsa sumul, haka naka yake kafin a miƙo mini kanka in riƙe.

Wassalam. Ni ne yayanka mai ƙaunarka,
Abarshi wanzami.